Ƙwaurin Malam a Layin Masu Ciki

Har yau idan ina son in ga maigidana ya ƙware da tuwo, sai in jira ya kai loma baki, in ce masa, "Malam, yaushe ne za ka koma awo?" Sai ya tsaya da tauna, ya harare ni ta gefen ido, can kuma dariya ta ƙwace masa har sai na miƙa masa ruwa. Yaranmu sun saba jin maganar amma ba su san mafarinta ba. Ni kuwa ba na gajiya da ba da labarin, don ni ce na ci riba a cikinsa.

Malam yana da amosanin jini, wanda yanzu kowa ke kira sikila. Na san da haka tun kafin a ɗaura mana aure. An gwada jinina aka ce nawa ba ya ɗauke da ciwon, saboda haka 'ya'yanmu ba za su kwanta irin kwanciyarsa ba, sai mahaifina ya ce to, bismillah. Ƙawayena sun yi ta zuga ni wai zan ƙare rayuwata a dafa ruwan zafi. Na ce musu ruwan zafin ai ni zan dafa, ba su ba. Ina son mutumin, shi ke nan. Siriri ne, dogo, wani lokacin idonsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ga shi da taurin kai irin wanda ban taɓa gani ba. Tun yana ƙarami ake ce masa kai zauna, kai ba za ka iya ba, kai ajiye fartanyar nan. Wannan ne ya sa da ya girma ya ɗauki noma kamar da gayya. Ya sayi shanun huɗa, ya huɗe gonarsa ya huɗe ta mutane, kuma duk wanda ya ce masa sannu fiye da sau ɗaya ya nemi rigima.

Ƙauyenmu yana gefen Ɗambatta, kuma a wajenmu babu abin da ake kira daji. Daga bakin zaure gona take farawa, inda ta wani ta ƙare nan ta wani ta tashi, har ka isa ƙauye na gaba ba ka taka ƙasar da ba mai ita ba. Da damina idan gero ya yi tsayi ba ka ganin gidan maƙwabci, amma kana jin tarinsa. Labari a wurinmu ba ya kwana. Idan akuyarka ta haihu da hantsi, kafin azahar an yi maka barka daga ƙauyuka uku.

Surukata, wadda nake kira Inna, ita ce likitan Malam tun yana zanen goyo. Ta binne yara biyu kafin shi, dukansu wannan ciwon ne ya tafi da su, shi ya sa ba ta wasa da shi kuma ba ta son a koya mata. Idan ciwon ya tashi tana da tsarinta. A ɗora ruwa, a kawo tsumma, a gasa inda ke ciwo, a shafa man zafi, a lulluɓe shi, a yi ta ɗura masa ruwa da kunu, a ba shi ƙwayoyin da asibiti suka rubuta. Ni ma a hannunta na koya. Kuma gaskiya tsarin yana aiki, don ciwon nasa mai yawo ne. Yau yana baya, gobe ya koma hannu, jibi gwiwa, bayan 'yan kwanaki ya tattara ya tafi, Malam ya miƙe ya nemi hularsa.

A daminarmu ta biyu da aure, cikin marka, ruwa ya kama shi a gona ya yi masa dukan tsiya. Ya dawo haƙoransa suna haɗuwa. Washegari ciwo ya sauka, muka ɗora tukunya kamar kullum. Baya ya saki, hannu ya saki, amma ƙwaurin hagu ya ƙi. Nan ciwon ya kafa zama, wuri ɗaya, kuma zazzaɓin da ya saba tafiya tare da ciwon ya ƙi tafiya. Ƙafar ta kumbura, fatar ta yi sheƙi, idan ka kai hannu kamar ka taɓa gefen murhu. Ko zanen rufa ba ya so ya taɓa wurin, balle ya taka ƙasa.

A lokacin ina da cikin fari, ya kai wajen wata huɗu. Daga ni sai Malam muka sani, ko kuma haka nake tsammani. A wajenmu mace ba ta maganar cikin fari a gaban surukai, ko da ya fito ya yi tulu sai dai kowa ya yi kamar bai gani ba. Na koma sa babban hijabi har a tsakar gida, idan amai ya taso in zaga bayan rumbu. Tun kafin ya kwanta na roƙi Malam ya kai ni a yi min sikanin, kamar yadda ake yi wa ƙawayena, in ga ɗana a talabijin ɗin asibiti. Ya ce awo dai in je, bai hana ni ba, amma sikanin leƙen abin da Allah ya rufe ne, kuma son a sani ne irin na matan yanzu. Na ce to, na ji. Na ajiye maganar a raina, don ni ba na zubar da irin wannan.

Da aka ga ƙafar ta ƙi sauka, Inna ta aika aka kira wanzamin gidanmu, dattijon da ya yi wa Malam askin suna. Ya zauna ya latsa nan ya latsa can, Malam yana cije leɓe. Ya ce akwai ruwa a ciki amma bai nuna ba tukuna, a ƙara gasawa, ranar kasuwa zai dawo ya yi sakiya. Sakiya kuwa kowa ya san ta, a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a huda kumburin da shi. Inna ta ce Allah ya kai mu. Ni kuwa ban yarda da sakiyar nan ba, don akwai wani bawan Allah a ƙauyen da ke gabas da mu, shi ma mai sikila, wanda ƙafarsa ta fara da irin wannan kumburi. Yau shekara da shekaru gyambon bai rufe ba, ƙafar ta shanye, da sanda yake zuwa masallaci. Mutumin da ke bin shanu a gona idan ya rasa ƙafa, me ya rage masa? Kuma na san Malam. Ba zai iya zaman a ba shi ba.

Da safe ina ba shi kunu ya kama hannuna ya ce, "Kin san wani abu? Wannan ciwon ba nawa ba ne."

Na ce, "Na wa ne, na maƙwabta?"

Ya ce, "Nawa na san shi. Nawa yana zuwa ya zagaya ya tafi. Wannan kamar wani abu ne yake ci daga ciki."

Ban tsaya wanke kofin ba na nufi ɗakin Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina roƙon arziki, a kai shi asibiti a birni kafin ranar kasuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, yaushe kika zo gidan nan da za ki san ƙafar yaron nan fiye da ni?" Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na ce ban san ta ba, shi ne ya ce ciwon baƙo ne. Ta jujjuya carbinta. Can ta ce za a je, amma da sharaɗi. Idan asibiti suka duba ba su ga komai ba, za mu dawo a yi sakiya, kuma ba ta son ta ƙara jin bakina. Na ce na yarda, don na tabbata za su gani.

Shanunsa na huɗa ne suka ja shi a amalanke har bakin titi, wani maƙwabcinmu yana kora su. Malam yana kwance a kan katifa yana ba da umarni, wai kada a bugi na damar, ba ya son duka. Daga nan muka samu mota zuwa Ɗambatta, muka sake wata zuwa Kano. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi salati, Inna ta amsa masa.

Likitan da ya gan mu saurayi ne mai sanyin magana. Ya yi tambayoyi, ya duba ƙafar, ya sa aka ɗebi jini, sannan ya tura mu hoton ƙashi. Da hoton ya fito ya ɗaga shi sama wajen haske ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hoton nan bai nuna komai ba."

Inna ta juyo ta kalle ni. Sai ta fara gyara ɗaurin kayanmu.

Likitan ya ce mu dakata. Ya ce ciwon sikila idan ya sauka a ƙashi, da ƙwayar cuta idan ta shiga ƙashi, kamarsu ɗaya a ido, har su likitoci suna shan wahalar raba su, alhali maganinsu daban ne. Kuma idan cuta ce ta shiga, hoton ƙashi ba ya nuna ta da wuri, sai ta riga ta yi ɓarna. Ya ce akwai abin da ke iya gani tun yanzu idan mugunya ta fara taruwa a jikin ƙashin. A kai shi sikanin.

Malam ya ce, "A kai wa?"

Likita ya ce, "Kai."

Malam ya ce, "Likita, ƙafa ce fa ke ciwo."

Likitan ya yi murmushi ya ce ya sani, na'urar ba ruwanta da ciki ko ƙafa, duk inda aka ɗora ta za ta duba.

Na tura shi a keken marasa lafiya muka bi wata doguwar baranda, Inna tana biye da mu da ƙullin kaya a ka. Muna shan kwana sai ga layin. Benci biyu cike da mata, kowacce da cikinta a gaba, wasu sun miƙe ƙafa, wasu suna shan ruwan leda, ana ta hira kamar gidan biki. Babu namiji ko ɗaya. Kuma don ƙarin abin haushi, a bakin bencin farko ga wata mata daga ƙauyen da ke kusa da namu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ba ya rufuwa ko a gidan makoki. Ta gan mu ta washe baki ta ce, "A'a, mutanen gida ne. Sannunku da zuwa."

Malam ya sa hannu biyu ya riƙe ƙafafun keken. Na tura, keke ya ƙi tafiya.

Ya ce a hankali, "Juya da ni."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Gida. Ni da gemuna ba zan shiga layin masu ciki ba. Kafin mu isa gida an kai labari. Tun ina yaro ake ce min ragon maza, yanzu kuma a ce har awo na je? Gara ƙarfen wanzami."

Inna ta ce, "Ai dama hoto ya ce babu komai. Mun cika alkawari."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in kifar da keken da shi a ciki. Mun baro gida tun da sassafe, mun sha ramuka, ga ƙofar ɗakin ina kallonta, amma wai mutum zai ba da ƙafarsa saboda bakin mai ƙuli-ƙuli. Na sunkuya na ce masa abin da ya zo bakina, na ce idan ƙafar ta shanye mai ƙuli-ƙulin ce za ta bi masa shanu? Ya kau da kai. Na san shi, idan aka matsa masa ƙara ƙanƙamewa yake yi. Faɗa ba zai motsa keken nan ba.

Sai na tsaya na dubi matan nan, na dubi hijabina. Abin da ya zo min a rai ya sa kunnuwana suka yi zafi tun kafin in buɗe baki. Na zagaya gaban Inna na durƙusa a kan simintin barandar, a gaban kowa, na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ku gafarce ni. Ni ma ina da larurar shiga ɗakin nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce. Ta ce, "Oh ni. Yau na ga rashin ta-ido. Ke kina tsammani ban sani ba? Tun ranar da kika fara gudun warin daddawa nake rage ta a miya." Ta juya baya wai ita a dole ba ta ji komai ba, amma ta kasa daina dariyar.

Na miƙe na koma wajen Malam na ce, "To, ka ji. Ni ce zan shiga layi. Kai rakiya ka yi. Duk wanda ya tambaye ka a gari, matarka ka kawo sikanin. Idan mun shiga ciki kuma, abin da ya faru tsakaninmu da likita ne."

Ya dube ni ya daɗe. Ya san abin da na yi, ya san nauyin maganar da na faɗa a gaban mahaifiyarsa. A hankali ya saki ƙafafun keken ya ɗora hannuwansa a cinya. Ya ce, "Ke dai ba ki da dama."

Inna da kanta ta je ta samu ma'aikaciyar jinya aka shigar da ni cikin masu jira. Na zauna a benci, na ja keken Malam kusa da ni. Matan nan kuwa ba wadda ta ruɗu, ga ƙafa a miƙe ta yi suntum. Wata mai tsohon ciki ta leƙo ta ce, "Sannu mai rakiya. Ba mu taɓa ganin ɗan rakiya ana tura shi ba." Wata ta ce, "Malam, naka a ƙafa ya zauna? Wata nawa ne?" Benci ya ɗauki dariya. Na zaci zai fusata, sai na ji ya ce, "Mako biyu ne, amma ya fi naku nauyi." Aka sake fashewa. Daga nan suka karɓe shi. Wata ta miƙa masa ruwan leda, wata ta ba shi labarin ƙanenta mai sikila, kuma da layi ya matso, mai tsohon cikin nan ta ce a bar mu mu riga ta, ita nata ba ya ciwo.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, da sanyi, an rage haske. Mai aikin na'urar likita ce mace, babba, da tabarau a kan hanci, irin matan da ba sa ɓata lokaci. Ta karanta takardar ta ce, "Wanne ne mai ƙafar?" Malam ya ce shi rakiya ya yi. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To ɗan rakiya, hau gado ka naɗe wando." Muka kama shi ni da Inna ya hau.

Ta matsa wani mai mai sanyi kamar koko a kan ƙwaurinsa na dama, mai lafiyar. Malam ya ce ba wannan ba ce. Ta ce ta sani, so take ta ga yadda ƙashinsa yake idan lafiya lau ne, don ta gane bambanci. Ta ɗauko wani abu kamar sabulun wanka mai igiya ta ɗora. A talabijin ɗin sai ga wani farin layi ya fito, miƙaƙƙe, sumul. Ta ce wannan shi ne bayan ƙashi, abin da ke samansa kuma nama ne, ga su manne da juna. Sannan ta koma ƙafar hagu. Ta bi a hankali ƙwarai, don ko iska ba ya so a wurin, tana ce masa sannu, tana matsawa kaɗan-kaɗan daga gwiwa zuwa ƙasa. Can ta tsaya. Ko ni da ban san komai ba na ga abin. Farin layin yana nan, amma a samansa akwai wani baƙin abu kwance, dogo, ya ɗaga wani siririn layi sama.

Ta ce, "Kun gani? Ƙashi yana da 'yar fata da ke lulluɓe da shi. Wannan baƙin ruwa ne ya taru a ƙarƙashinta ya ɗaga ta."

Malam ya ɗago kai yana kallo ya ce, "Kamar yadda ruwa ke shiga tsakanin yaɓe da bango."

Ta ce, "Haka. Kuma ka san abin da ke samun bangon idan aka bar shi."

Ta auna kaurin abin a na'urar, ta ɗiga alama da biro a fatarsa, ta aika aka kira likitan farko. Suka goge wurin da magani, suka kashe zafinsa, sannan ya sa allura yana kallon talabijin, muna ganin tsinin allurar yana tafiya har ya shiga cikin baƙin nan. Da ya ja, sirinji ya cika da mugunya. Ya ɗaga ya nuna wa Inna. Ya ce za a kai ɗakin gwaji a gano irin ƙwayar cutar, amma yau ɗin nan za a fara magani, kuma mun zo a kan lokaci, ƙashin bai lalace ba. Inna ta tambaya ko sakiya za ta fitar da shi. Ya ce mata a hankali, cikin ladabi, abin yana can ƙasa manne da ƙashi, kuma ba fitar da ruwan kaɗai ba ne, sai an kashe cutar da ke cikin ƙashin. Ya ce gashin da take yi shekara da shekaru ba laifi ba ne, shi ne daidai ga ciwon da ta sani, wannan ne dai ya zo da kama.

Inna ta daɗe tana kallon sirinjin. Ta ce, "Ɗana na farko ma haka ƙafarsa ta yi." Ta share ido da mayafi ta ce, "Alhamdulillahi da wannan ya zo a zamanin na'ura."

Sai mai tabarau ta tafa hannu ta ce, "Saura wadda aka rako." Aka mai da Malam kan keke, na hau gadon da ya sauka, da ɗumin jikinsa a kai. Inna ta juya ta fuskanci bango, don ba ta kallon cikin surukarta, amma ba ta fita ba. Aka shafa min man nan mai sanyi. Da farko ban ga komai ba sai hazo-hazo, can sai ga kai, ga baya kamar ƙaramin carbi. Likitar ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da wata ƙara mai sauri, fat-fat-fat. Ta ce zuciya ce. Na fashe da kuka ina dariya, ban san wanne zan yi ba. Mutumin da ya ce sikanin leƙen asiri ne kuwa, ya turo kekensa da kansa har yana buge ƙafar gado, wuyansa ya yi tsawo.

Ya ce, "Likita, ƙafafun fa? Suna nan?"

Ta matsar da abin ta ce, "Ga su nan, biyu, har ana harbi da su."

Ya ce, "Masha Allah." Ya sake cewa, "Masha Allah." Daga wajen bango muka ji Inna ta ce, "Me kuka ce, likita? Ban ji ba." Likitar ta maimaita mata da ƙarfi, ita kuwa ba ta juyo ba.

An kwantar da shi. Aka yi masa ɗan ƙaramin aiki aka wanke wurin, aka yi makonni ana ba shi magani ta jijiya, daga baya aka koma na sha. Sun sake mai da shi ɗakin na'urar don su ga ko ruwan ya sake taruwa, kuma a wannan karon shi ya riƙa gaishe da matan layi tun daga nesa. Zazzaɓi ya tafi, kumburi ya sauka, fatar ta yi yaushi ta saɓule. Ni da Inna muna karɓa-karɓa a gefen gadonsa, kuma a zaman nan ne muka zama abin da muke yau. Ta daina ce min 'yar nan. Idan na yi mata tsiwa sai ta ce bakin nan dai shi ya kai mu layi, a bar shi. A gida kuma 'yan uwa da maƙwabta suka yi masa gayya, gero bai lalace ba, gyaɗa ma aka cire ta a kan kari.

Labari kuwa ya riga mu isa gida, kamar yadda ya faɗa. Mai ƙuli-ƙuli ba ta bar ƙauye ko ɗaya ba. Ranar da ya fara dogara sanda zuwa dandali, abokansa suka tare shi da "Barka da sauka, mace ko namiji?" Na yi zaton zai dawo rai a ɓace. Sai ga shi ya dawo yana dariya, wai ya karɓe labarin daga bakinsu ya ba da shi da kansa, har yana kwaikwayon mai tabarau. Bai taɓa cewa rakiya ya yi ba. Ni ce ma nake tuna masa.

Kafin in haihu ya ajiye sandar. Na haifi mace, kuma shi da kansa ya yi rabon goron suna, da ƙafa, gida-gida, har ƙauyukan da ke kewaye da mu, ya ƙi hawa babur ɗin da aka ba shi aro. Har gidan mai ƙuli-ƙuli ya kai. Da damina ta zagayo na tsaya a bakin zaure da goyo ina kallonsa yana bin shanu, yana yi wa na damar magana.

Da yarinyar ta fara neman tsayuwa, ga bango, ga turmi, ga ƙafar gado, duk ta ƙi su. Wata rana da yamma Malam yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, na ajiye masa tuwo, sai ta rarrafo ta kama ƙwaurinsa na hagu da hannu biyu, daidai kan tabon aikin. Ta ja, ta yi nishi, ta miƙe tana rawar ƙafa, duk nauyinta a kan wurin. Na taso da sauri zan ɗauke ta.

Ya ɗaga min hannu, bai ko motsa ƙafar ba. Ya ce, "Bar ta. Ƙafar za ta ɗauke ta."

Na koma na zauna. Tuwon ya huce a gabansa, ita kuma tana tsaye tana dukan tabon da tafin hannunta.